Canjin batir ko shan mai: me zai yiwu a Zariya?

Wani Alhaji mazaunin Tudun Wadan Zariya, wanda ke da Keke NAPEP da babura a hannun yara suna kawo masa balas, ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga bidiyon wata mota a ƙasar Sin ta shiga wani ɗan ɗaki, cikin minti 3 aka zare mata batir ta ƙasa aka ɗora cikakke, ta fice. Yana son ya san ko wannan ne zai maye gurbin gidan mai, ko ya nemi irin motar, ko kuma ya mayar da kekunansa na lantarki.

Alhaji, ranka ya daɗe, bidiyon gaskiya ne, ba haɗi ba ne. A matsayina na mai aikin lantarki da haɗa sola da batura, ga abin da nake gani a taƙaice: motar hawa mai canjin batir ba ta Zariya ba ce a yanzu, kada ka kai kuɗinka can. Amma babur da keke maganarsu daban ce, kuma a nan ne nake son ka buɗe ido sosai, domin akwai alheri a ciki idan aka cika wasu sharuɗɗa.

Mu fara ba fetur haƙƙinsa, don masu tallan lantarki sukan yi saurin raina shi. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, wato irin yunit ɗin da kake saya a mitar gidanka, wanda mu muke kira kilowat-awa. Famfon gidan mai mai lafiya yana zuba lita 30 zuwa 40 a minti ɗaya. Ke nan a duk minti, yarinyar da ke riƙe da bututun tana ɗura maka ƙarfin da ya kai yunit 300. Gaskiya ne injin mota yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na wannan ƙarfi, ya fita a matsayin zafi ta salansa da lagireto, amma ko ragowar ma ba wasa ba ce. Lita 50 ba ta kai kilo 40 ba, ta kai ka Kano ta dawo da kai har da saura. Batirin mota mai yunit 60 kuwa nauyinsa yana kaiwa kilo 400. Sannan mai yana zama a tankin ƙasa makonni bai lalace ba, kowace mota tana shan na kowane gida, kuma idan ya yanke maka a hanyar Giwa, yaro zai hau babur ya kawo maka galan daga wurin 'yan bumburutu. Babu batirin motar da za a kawo maka a bayan babur.

Matsalar batir ita ce cika shi na ɗaukar lokaci. A soket ɗin gida, batir mai yunit 60 sai ya kwana ya wuni bai cika ba. A babbar caja mai sauri, rabin awa zuwa minti 40 kafin ya kai kashi 80 cikin 100. Dabarar canji ta zo ne ta ce wa direba: kai tafi, batirin ne zai tsaya jira. To a nan gizo ke saƙar. Jiran yana nan bai gushe ba, an dai ɗauke shi daga kan direba an ɗora shi a kan kantar tasha, inda ake jera batura. Kuma duk batirin da ke zaune a kanta yana caji, kuɗin wani ne a zaune. Mai gidan mai jarinsa na tanki yana juyawa, ya sayar ya sake ɗauko tanka. Mai tashar canji dole ya mallaki batura fiye da yawan motocin da yake yi wa hidima, kuma suna tsufa ko an hau su ko ba a hau su ba.

Bari mu sa lamba. Kamfanin da ya fi shahara da wannan aiki shi ne Nio na ƙasar Sin, kuma mai yiwuwa motarsa ka gani. Ya buɗe tasharsa ta farko a 2018, ya zuwa farkon 2025 kuma tashoshinsa sun haura 3,000. Tashoshin da ya fitar a 2024 suna ɗaukar batura 23, kowanne mai yunit 75 ko 100. A 2024 matsakaicin farashin batirin lithium a duniya ya kai wajen dala 115 kowane yunit ɗaya na girmansa. Batura 20 masu yunit 75 ke nan sun haura dala 170,000, ba a yi maganar na'urar da ke kwance kusoshi ta ɗaga kilo ɗaruruwa ba, ba a yi maganar fili da taransifoma ba. Ka juya wannan zuwa naira da kanka. Kuma da duk yawan motocin da ke ƙasar Sin, har ƙarshen 2024 Nio bai taɓa rufe shekara da riba ba.

Sai wuta. Mu ƙaddara an kafa irin wannan tasha a Kwangila, motoci 100 kacal suna zuwa a yini, kowace tana karɓar yunit 50. Yunit 5,000 ke nan kullum, wato jan kilowat 200 da 'yan kai dare da rana babu yankewa. Taransifomar da ke ba unguwa guda wuta yawanci mai wajen kilowat 300 ce ko 500. Idan ka ce da sola za ka yi, a Zariya faifan sola na kilowat ɗaya yana ba da wajen yunit 4 da rabi zuwa 5 a yini, don haka kana neman fayafai kusan 2,000 na masu wat 550. Duk wannan domin motoci 100, adadin da gidan mai ɗaya a PZ zai sallama kafin azahar.

Ko da an samu kuɗin da wutar, akwai abin da ya fi su wuya, wato batura su zama iri ɗaya. Ka tuna zamanin ƙananan wayoyin Nokia, lokacin da batir ɗaya, BL-5C, yake shiga wayoyi iri-iri har da rediyo? Mutum kan riƙe biyu, ya bar ɗaya wurin mai caji ya tafi da ɗaya. Abin ya yiwu ne saboda girman ɗaya ne, bakin ɗaya ne, kuma ana buɗe bayan wayar da farce. Da masu ƙera waya suka manne batir a ciki, wannan ɗabi'a ta mutu. Masu ƙera mota ma hanyar da yawancinsu suka bi ke nan. Tun 2022 BYD da Tesla suka fara fitar da motocin da batirin ya zama ɓangaren ƙashin motar, don a rage nauyi da kuɗi. Irin wannan ba ya ciruwa a minti 3. Mu kuwa a nan motocinmu Beljiyam ne, kowa da abin da Allah ya hore masa, wannan Corolla, wancan Golf, wancan 406. Motocin lantarkin da za su fara shigo mana ma haka za su zo a gauraye, kuma kusan dukkansu masu batir a kafe ne. Tashar canji ba ta rayuwa a kasuwar da kowace mota take da nata fasali.

An gwada an gani. Kamfanin Better Place, wanda Shai Agassi ya kafa a 2007, ya tara sama da dala miliyan 800, ya gina tashoshi a Isra'ila da Denmak. Mota iri ɗaya tak aka samu da ke shiga tashoshinsa, Renault Fluence, kuma waɗanda aka sayar ba su kai 2,000 ba. A watan Mayun 2013 ya durƙushe. Wata ɗaya bayan haka, Tesla ya nuna wa duniya canjin batirin motarsa Model S cikin daƙiƙa 90, a gefe kuma ana zuba wa wata Audi fetur don a gwada sauri. Tasha ɗaya ya buɗe a Kalifoniya, masu motar ba su damu da ita ba, ya watsar ya koma gina cajoji masu sauri. Su kuma cajojin kullum gaba suke yi: a Maris ɗin 2025 BYD ya sanar da cajar kilowat 1,000 wadda ya ce tana ba da tafiyar kilomita 400 cikin minti 5. Ba a nan za mu ga irinta da wuri ba, amma tana nuna cewa ratar da canji ya zo ya cike tana ƙara tsukewa. A ɗaya gefen kuma, CATL, wanda ya fi kowa ƙera batura a duniya, yana ƙoƙarin sa kamfanonin ƙasar Sin su yarda da girma biyu kacal na batirin canji. Idan hakan ta tabbata, lissafin taksi a manyan biranensu zai sauya.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa ma yake buƙatar minti 3 ɗin? Malamin jami'a da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da Kongo, ko ma'aikacin asibitin Shika, motarsa a ajiye take fiye da awa 20 a yini, kuma da wuya ya ci kilomita 50. Motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, don haka yunit 8 ko 9 sun ishe shi, abin da soket ɗin gida zai ba shi cikin awa 4, ko solarsa ta ba shi da rana. Shi fa'idarsa ita ce ya daina zuwa ko'ina shan komai. Direban Kaduna ma ban ga yana buƙatar canji ba. Tafiyar wajen kilomita 80 ce, zuwa da dawowa yunit 30 ko ƙasa kaɗan, kuma kowa ya san yadda mota ke zama a tasha tana jiran layi da lodi. Caja mai kilowat 60 a cikin tasha za ta mayar masa da abin da ya ƙona kafin fasinja su cika.

Yanzu mu dawo kan yaranka, domin su ne duk minti da suka tsaya yake zama asara. Ɗan achaɓa ko ɗan keke yana fita bayan asuba, ya kwashi 'yan makaranta da ma'aikata, ya yi ta kai-kawo tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Doka da Ɗan Magaji har bayan isha'i. Ba zai ajiye abin hawansa awa 4 da tsakar rana yana jiran caji ba, kuma da yawansu a ɗakin haya suke kwana, inda babu tabbacin wuta balle wurin jona keke. Batirin babur yunit 3 ne zuwa 4, nauyinsa wajen kilo 30, mutum ɗaya ko biyu za su ɗaga, babu buƙatar na'ura. Babura kuma ba su da yawan iri kamar motoci, kamfani ɗaya zai iya zuba ɗaruruwa masu fasali ɗaya a gari ɗaya. Tashar da ke canza wa babura 100 batir a yini yunit 300 zuwa 400 take nema, abin da fayafan sola 120 zuwa 150 za su iya bayarwa, wato kusan faɗin rumfar babban gidan mai. Ka ga duk abubuwa ukun da suka kayar da mota, nauyi da jari da bambancin iri, a nan sun yi sauƙi.

Shi ya sa inda abin ya kafu da gaske a duniya, a kan ƙafa biyu ya kafu. A Taiwan, Gogoro ya fara a 2015 da batura masu wajen kilo 10 da mutum ke zarewa da hannu ya tura a akwatin bango ya ɗauki wasu cikin daƙiƙoƙi, har Yamaha ya ƙera baburan da ke amfani da su. A Kigali ta Ruwanda, Ampersand ya fara da 'yan achaɓa a 2019. Spiro ya fara a Benin da Togo a 2022, ya bazu zuwa Kenya da Yuganda da Ruwanda, ya shigo Najeriya. Waɗannan mutane ne masu sana'a irin ta yaranka, a kan hanyoyi irin namu.

Lissafin kuɗin fa? Kowa ya san abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Farashi na hawa yana sauka, don haka mu ƙaddara lita naira 900, kai kuma ka sa farashin ranar da kake karantawa. Babur mai cin kilomita 40 a lita zai sha lita 2 da rabi a kilomita 100, naira 2,250 ke nan. Na lantarki zai ci wajen yunit 5 har da abin da ke zubewa wurin caji. A farashin layin Band A, wato na masu samun wuta mafi yawa a yini, wanda aka kai naira 225 a Afrilun 2024 daga baya ya dawo wajen 210, kuɗin wutar naira 1,050 ne. Ratar naira 1,200 ce a duk kilomita 100, kuma keke ka ninka lissafin kusan sau biyu. Ƙari a kan haka babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireto. Amma ka lura, wannan rata ba duka ce za ta shigo aljihunka ba. A cikinta mai tasha zai fitar da tsufan batir da hayar shago da albashin yaro da ribarsa. Idan kuma da janaretan dizal yake caji, lita ɗaya yunit 3 take bayarwa, in lita naira 1,200 ce yunit ya koma 400, yunit 5 sun zama 2,000, ratar ta kusa ƙarewa tun ba a gyara janareta ba. Don haka tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya zo maka da wannan harka ita ce: da wace wuta kake caji?

Abin da ya fi burge ni a tsarin canji, ni da nake ganin yadda batura ke mutuwa a hannun mutane, shi ne ya dace da yanayinmu ta fuska biyu. Rana tana bayar da wuta ne daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da abin hawa yake kan titi. Batirin da ke kafe a jikin keke ba zai ci wannan rana ba, amma na kantar tasha zai ci. Idan kuma an ɗauke wuta, cikakkun da ke ajiye suna ci gaba da sallamar mutane na wasu awanni. Ta biyu ita ce zafi. Babban maƙiyin batirin lithium zafi ne, kuma a Maris da Afrilu Zariya tana kusantar digiri 40. Batirin da aka dawo da shi da zafinsa aka jona masa caja mai ƙarfi a rana, kwanansa raguwa yake. Wanda aka bari ya huce a inuwa, aka cika shi a hankali, aka duba lafiyarsa kowace dawowa, yana daɗewa sosai. Ka nemi irin batirin lithium da ake kira LFP, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma yana iya kai caji 3,000 ko fiye idan an kula da shi. Ka kuma duba bakin da batir ke haɗuwa da babur, domin ana zarewa ana mayarwa sau da yawa a yini, ƙurar hunturu da ruwan damina kuma a nan suke fara ɓarna. Baki mai sako-sako yana zafi, yana narkewa, daga nan gobara ke tashi. Tashar da aka cusa a shago marar iska kusa da masu katifa ko masu sayar da mai a galan, kada ka bari yaranka su je.

Sai maganar amana, wadda a ganina ta fi ta fasaha nauyi. A gidan mai abin da kake tsoro shi ne famfon da aka matse, ka biya lita 10 a ba ka 9. A canjin batir tauyewar ta fi ɓoyuwa. Tsohon batir da sabo duk za su nuna maka kashi 100 a allo, alhali tsohon yunit 2 da rabi ya rage masa a ciki, sabon kuma 3 da rabi. Idan kuɗin canji ɗaya ne, wanda ya ɗauki tsohon an ci haƙƙinsa. Adalci shi ne a biya gwargwadon yunit ɗin da aka ba ka ko kilomitar da ka yi, a kuma cire abin da ka dawo da shi bai ƙare ba, kuma a rubuta iyakar tsufan da batir zai kai a janye shi daga layi.

Saboda wannan ne ma batirin ba ya zama naka a tsarin canji, na kamfani ne, kai haya kake yi. Da naka ne, ba za ka yarda ka miƙa sabo a ba ka na wani ba. Fa'idar ita ce farashin babur yana sauka, tunda batir shi ne ɓangare mafi tsada, kuma ranar da ya mutu ba kai za ka saya ba. Haɗarin shi ne an ɗaure ka da kamfani ɗaya. Gidan mai in ya rufe sai ka tsallaka titi. Kamfanin batir in ya ƙara kuɗi babu inda za ka, in kuma ya tattara ya bar gari, abin da ke hannunka ƙarfe ne da tayoyi. Ka tabbata an rubuta a yarjejeniya abin da zai faru da kai a wannan rana: shin babur ɗin yana karɓar caja ta gida, shin za a sayar maka da batir, shin suna iya kashe shi daga ofishinsu ta intanet, kuma a wane sharaɗi. Ka tambayi wa zai biya in an sace batir ko ruwa ya shige shi. Ka ƙirga tashoshinsu da idonka a kan hanyar da yaranka suke bi, domin tasha ɗaya a Sabon Gari ba ta wadatar da wanda aikinsa ke Samaru ko cikin birni, zuwa da dawowa kaɗai za su cinye ribar. Ka kuma ji ko akwai bakaniken da ya san injin lantarkin irin wannan babur da na'urar da ke sarrafa wutarsa a Zariya, da inda ake samun kayan gyaransa.

Game da mayar da tsofaffin kekunanka kuwa, ana yi, a cire injin mai a ɗora injin lantarki da batir, kamar yadda Mustapha Gajibo ya yi da ƙananan bas-bas a Maiduguri. Amma keken da aka juya a gareji ba lallai ya karɓi batirin wata tasha ba. Idan kai ne za ka zama mai tashar kanka, da kekuna masu fasali ɗaya, batura biyu ga kowane keke, da sola a saman garejinka, wannan tsari ne mai kyau, kuma shi ya fi kwanta mini ga mai irin ƙarfinka, domin ya raba ka da dogaro da kamfanin da ba ka san ranar tafiyarsa ba. Sai dai kada ka juya su gaba ɗaya. Fara da biyu, ka ba yaran da ka fi yarda da su, ka buɗe littafi: kilomita nawa a yini, canji nawa, yunit nawa, balas nawa, kwana nawa keke ya yi a ajiye. Ka bar gwajin ya ratsa bazara ya shiga damina, domin a Afrilu za ka ga abin da zafi ke yi wa batir, a Agusta kuma za ka ga abin da hadari ke rage wa sola. Ka aiko mini da littafin bayan nan mu duba shi tare kafin ka taɓa na uku.